Masu Karanta Jini a Bakin Kwara

Kafin ta taɓa allura ko ta aika kowa ɗakin gwaji, abin da malamar asibitin take fara yi shi ne ta ce a matso da yaron bakin taga. Hasken ƙwan lantarki yana ruɗin ido, shi ya sa ta fi yarda da na rana. Sai ta ɗora babban yatsanta a ƙarƙashin idonsa, ta ja fatar ƙasa a hankali, ta leƙa ciki. A jikin mai lafiya wurin nan ja ne kamar cikin kankana. A jikin wannan yaro, ɗan shekara biyu da aka goyo a babur daga wani ƙauye da ke gefen Lolo, fari ne fat kamar cikin sabuwar ƙwarya. Ta buɗe tafin hannunsa ta jera da na uwarsa, ta dubi zanen da ke ciki, don shi ne yake riƙe launinsa har sai jini ya yi ƙasa ƙwarai. Ta duba farcensa, ta duba harshensa. Duk wannan bai ci minti ɗaya ba.

"Malama, jininsa ne ya ƙare," in ji uwar.

"Gaskiyarki, uwar yaro, jini ya yi ƙasa. Saura mu gano inda ya tafi."

Tun da na ji wannan amsa na gane cewa a nan gwanintar take. Gane cewa mutum ya ɗashe ba wuya, makwabciya ma tana iya gani. Amma ƙarancin jini alama ce da cututtuka da yawa suka yi tarayya a kanta, kuma maganin da zai tashi wani daga kwance shi ne zai iya cutar da wani.

Ga yadda abin yake. A cikin jini akwai jajayen ƙwayoyi, ƙanana ƙwarai, da ake ƙerawa a ɓargon ƙashi. Kowace tana ɗauke da wani sinadari mai suna himogulobin, shi ne yake ba jini launinsa, shi ne kuma yake dakon iskar da muka shaƙa daga huhu zuwa kowane lungu na jiki. Ƙwaya ɗaya tana rayuwa kamar kwana 120, daga nan saifa ta janye ta, ɓargo ya maye gurbinta da sabuwa. Manomi zai fi kowa saurin fahimta. In ka leƙa rumbunka ka ga hatsi ya yi ƙasa, ɗayan uku ne: ko gonar ba ta bayar ba, ko wani abu yana ci daga ciki, ko gindin rumbun ya ɓule yana zuba. Jini ma haka. Ko ɓargo ya rasa kayan aiki, ko ƙwayoyin suna fashewa kafin wa'adinsu, ko akwai wata kafa da jinin yake tsiyaya. A ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi sau da yawa mutum ɗaya yakan haɗa biyu, wani lokaci har ukun duka.

Dalilin yana shimfiɗe a gaban kowa. Kogin Kwara ya ratsa yankin, ya bar fadamun shinkafa da kududdufai, kuma inda ruwa ya kwanta sauro ya samu gida. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa da aka yi a 2021 ya samu ƙwayar cutar a jinin kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran Jihar Kebbi, adadi mafi girma a duk Najeriya, a lokacin da na ƙasa baki ɗaya yake kashi 22. Shi ya sa da aka fara rigakafin zazzaɓin a watan Disamba na 2024, da Kebbi da Bayelsa aka soma. Binciken lafiyar al'umma na 2018 kuwa ya nuna kashi 68 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar suna da ƙarancin jini, haka kashi 58 na mata masu shekarun haihuwa. Wanda yake aiki a irin wannan wuri yana ganin farin ido daga safe har yamma, kuma babbar jarrabawarsa ita ce kada sabo ya sa ya daina tambaya.

Malamar ba ta daina ba. Tambayoyinta gajeru ne, kowace da inda ta nufa. Yaushe zazzaɓin ya fara? Fitsarinsa wane launi ne, kamar kullum ko kamar shayin da ya ji ganye? Hannayensa da ƙafafunsa sun taɓa kumbura yana jariri, yana ta kuka in an taɓa? A cikin 'yan'uwansa akwai wanda aka taɓa yi wa ƙarin jini, ko wanda ya rasu yana ƙarami? Me yake ci ban da nono da kunu? Yana tsintar ƙasa yana kaiwa baki? In uwar ba ta jin Hausa sosai, a nemo mai jin Dandanci ko Fulatanci daga cikin masu jiran layi, don a bakin iyaka ba a rasa tafinta. Tana tambaya hannunta yana aiki. Ta ƙirga numfashinsa minti guda cur, ta ji bugun zuciyarsa, ta ɗaga fatar ido ta sama ta ga ko farin ya koma ruwan ɗorawa, alamar shawara. Sannan ta shimfiɗa tafinta a cikinsa, ta faro daga ƙasa ta hannun dama tana hawa a karkace zuwa ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, tana jiran gefen saifa ya taɓo yatsunta in ya ja numfashi. Ba a farawa daga sama, don saifar da ta girma sosai tana iya saukowa har ƙasan cibiya, mai gaggawa sai ya danna tsakiyarta bai san ita ce ba.

Daga nan sai ɗakin gwaji, inda na fi daɗewa a tsaye.

Ma'aikacin ya goge gefen yatsan yaron da auduga mai sifirit, ya jira ta bushe, ya soka. Ɗigon farko ya share shi ya yar, don yana gauraye da ruwan tsoka. Bai matse yatsan ba, saboda matsa tana tsinka jinin, sai awo ya fito ƙasa da gaskiyarsa. Ya kara wani siririn bututun gilashi, bai fi tsinken tsintsiya kauri ba, jinin ya hau da kansa har ya kai kashi uku cikin huɗu. Ya toshe baki ɗaya da danƙo, ya kwantar da shi a cikin injin juya jini, toshesshen bakin yana duban waje, ya ajiye wani bututun daura da shi don nauyi ya daidaita. Minti biyar injin yana kuka. Da ya fito, jinin ya rabu uku: ja a ƙasa, wani siririn zare fari-fari a tsakiya, ruwa a sama. Tsawon jan idan aka gwada shi da tsawon duka, shi ne abin da ake kira PCV. Na yaro ko mai ciki in ya gaza 33 cikin ɗari an shiga ƙarancin jini, na mace 36, na namiji 39. Na wannan yaron 14 ne.

Wani da ya karanta lambar ya gama. Shi kuwa sai ya ɗaga bututun sama ya dubi ruwan da ya taso. In ya yi fari kamar ruwan randa, zargi yana komawa kan rashin sinadarin ƙarfe, wanda ma'aikatan asibiti ke kira ayon. In ya yi ɗorawa sosai, ƙwayoyi ne suke fashewa. Ya kuma san lokutan da lambar take yaudara: yaron da gudawa ta tsotse, jininsa ya yi kauri, sai awo ya nuna ya fi yadda yake, matar da jini ya ɓalle mata yanzu-yanzu bayan haihuwa, awonta na farko zai iya fitowa lafiya lau alhali tana hanyar suma, don ruwan da ƙwayoyin tare suka zuba. Akwai kuma wani ɗan lissafi na bakin iyaka. Masu tsallakowa daga Jamhuriyar Benin, ta Tsamiya daga Segbana ko ta Lolo daga wajen Malanbil, sukan zo da takardar gwaji da Faransanci, an rubuta nauyin himogulobin da giram. Sai ya ninka lambar sau uku ya samu kwatankwacin PCV: giram 7 a can, wajen 21 ke nan a nan.

Sai shimfiɗar jini, aikin da ya fi kama da rubutun allo. Ya ɗiga ɗan jini a gefen wani gilashi mai tsabta, ya ɗauko na biyu ya jingina shi a karkace a gaban ɗigon, ya ja baya har ya taɓa, ya jira jinin ya bazu a bakinsa, sannan ya tura gaba tafiya ɗaya, ba tsayawa, ba rawar hannu. Abin da ya bari a baya wata shimfiɗa ce mai kai da wutsiya, kamar harshen kyanwa. Na lura ya ɗaga gilashin sama fiye da yadda ya yi wa na baya. Jinin da ya tsinke, in ba a ƙara tsayin karkatar ba, sai ya zarce har ƙarshen gilashi ya rasa wutsiya. Ba a rubuce yake a jikin bango ba, hannu ne ya koya. A wani gilashin kuma ya yi ɗigo mai kauri na neman ƙwayar zazzaɓi, kaurin da in ka ɗora shi a kan jarida za ka iya karanta rubutun da ƙyar. Ya rina su, ya wanke, ya jingine su suka bushe, ya ɗiga mai, ya sa a madubin likita mai girmama abu sau dubu.

Ya ba ni na leƙa. Ni dai zobba na gani, ja-ja, birjik. Shi kuwa ya wuce kan shimfiɗar inda ƙwayoyi suka hau juna, ya tsaya dab da wutsiya inda suka jeru kafaɗa da kafaɗa, ya soma karatu. Lafiyayyar ƙwaya tana da ɗan haske a tsakiya da bai wuce sulusinta ba. In ƙwayoyin sun ƙanƙance, hasken ya cinye su sai ɗan da'ira a baki, ɓargo ne yake ƙira ba isasshen ƙarfe. In sun yi manya, masu siffar ƙwai, kuma cibiyar wasu fararen ƙwayoyi ta rarrabu gida biyar ko shida, abin da aka rasa folik asid ne ko bitamin B12. In ya ga masu lanƙwasa kamar lauje, sikila ce. In ya ga masu ɗigo a tsakiya kamar idon kifi da yawa, sai ya tuna da jinin C na gado. In kuma akwai manya masu ɗan shuɗi-shuɗi, sababbi ne da ɓargo ya sako da wuri, shaidar yana ƙoƙarin cike giɓin wani abu da ake ɓarnatarwa. A gilashin yaron abu biyu ya samu: ƙwayar zazzaɓi fal, masu kama da zobe mai dutse, da kuma ƙananan ƙwayoyi kodaddu. Gonar ba ta bayar ba tun tuni, ga kuma ɓarawo ya shiga rumbu.

Sanin wanne za a fara tara shi ma ilimi ne. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa ita ce a yi wa yaro ƙarin jini in PCV ɗinsa ya sauka 12 ko ƙasa, ko kuma in yana tsakanin 13 da 18 amma yana haki ko hankalinsa ya soma gushewa. Wannan yana haki. Aka auna nauyinsa, kilo 10, aka fara yi masa allurar artesunet, miligiram 3 a kowane kilo, za a maimaita bayan awa 12 da kuma bayan awa 24. Aka kira uban.

"Baban yaro, jininka muke so mu gwada ko zai yi masa."

Ya yi jim, ya ce shi manomi ne, ga aikin shinkafa a gabansa. Malamar ba ta tsawata masa ba. Ta nuna masa ledar, ta ce ba ta kai rabin lita ba, ruwan jikinsa zai komo cikin kwana ɗaya zuwa biyu, ƙwayoyin kuma cikin 'yan makonni, kuma ba za a ɗiba ba sai an tabbatar nasa ya isa. Ya miƙa hannu. A kan farin faranti ma'aikacin ya ɗiga jini wuri uku, ya bi su da ruwa mai shuɗi, da mai ɗorawa, da marar launi, yana juya farantin a hankali yana kallon inda zai guntse kamar nonon da ya tsinke. Da haka ake gane rukunin A ko B ko O, ilimin da Karl Landsteiner ya buɗe ƙofarsa a Biyana a 1901. Aka tace jinin uban daga cutar ƙanjamau, da ciwon hanta iri biyu, da tunjere. Aka haɗa ƙwayoyinsa da ruwan jinin ɗan a gani ko za su zauna lafiya, don haihuwa ba ta tabbatar da jini ya dace. Sannan aka lissafa: mililita 20 a kowane kilo, 200 ke nan, a cikin awa uku zuwa huɗu. Jakar ba za ta shiga duka ba. Zuciyar da ta gaji da gudu, in aka antaya mata jini da yawa ko da sauri, sai ruwa ya taru a huhu. Minti goma sha biyar na farko malamar ba ta bar bakin gadon ba, idonta a kan ɗigo, hannunta a wuyan hannunsa, tana tsaron rawar ɗari ko ƙuraje.

Akwai wata hanyar da ta fi wannan sauƙi, kuma ana binta kullum. A dubi ido a ce ba jini, a miƙa kwalbar maganin ƙarin jini mai zaƙi, a ce a haɗa da lemon malti da madarar gwangwani, ko a dafa karan dafi a sha tunda ruwansa ja ne. Ba a tambayi fitsari ba, ba a taɓa saifa ba. Wanda ya bi ta nan zai yi wata uku yana zuba hatsi a rumbun da gindinsa yake a ɓule.

Dubi yaron da yake kamun kifi ko wanka a kududdufi. Cutar tsargiya tana fitowa daga katantanwar ruwa, ta huda fata, ta zauna a jijiyoyin mafitsara, sai a riƙa ganin jini a ƙarshen fitsari. A wasu garuruwan bakin ruwa an saba da shi har ana ɗaukarsa alamar girma. Gwani yakan ce a kawo fitsarin tsakar rana, tsakanin ƙarfe goma da biyu, lokacin da ƙwan cutar ya fi fita, ya nemo shi a madubi da ɗan ƙayarsa a gindi, ya ba da farazikwantel gwargwadon nauyi. Mai shiga gona ba takalmi kuwa, wata tsutsa ce take shiga ta tafin ƙafa, ta maƙale a hanji tana tsotsa kaɗan-kaɗan. Ƙwaya ɗaya ta albendazol, miligiram 400, ita ce toshiyar wannan kafa. Dattijon da ya ɗashe, bahayarsa ta yi baƙi, ko mai yawan shan maganin ciwon jiki, ba a sallamarsa da ƙwayar ayon kawai, sai an tura shi Birnin Kebbi ko Sakkwato a binciki cikinsa. Haka mai ciwon ƙoda, don ƙoda ce take aika wa ɓargo saƙon ya yi aiki.

Sikila, wadda iyayenmu ke kira amosanin jini, ita ce inda kuskure ya fi tsada. Ƙwayar mai sikila kwana 10 zuwa 20 take yi ta fashe, kuma ƙarfen da ke cikinta ba ya fita daga jiki, ana adana shi. Saboda haka ɗora shi a kan ayon ba tare da gwaji ya nuna buƙata ba lodi ne a kan hanta da zuciya, musamman in ya sha ƙarin jini. Abin da yake so shi ne folik asid, da kariya daga zazzaɓi, da rigakafi, da ruwan sha mai yawa, da haidiroksiyuriya in likita ya ga ya dace. Ma'aikacin kirki yana rubuta awon da yaron ya saba zama a kai lokacin da yake lafiya, don PCV 22 a wurinsa zaman lafiya ne, a wurin wani kuwa tashin hankali. Yana kuma kama hannun uwa ya koya mata lalubar saifa, ya ce ranar da ta ji ta sauko kuma yaro ya yi fari farat ɗaya, kada ta jira gari ya waye. A wannan yanki akwai ƙarin abin lura. Jinin C ya fi yawa a Burkina Faso da arewacin Gana da Togo da Benin, kuma aure ba ya tsayawa a shingen kwastan. Mai AS in ya auri mai AC, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SC, wadda ita ma sikila ce ko da ta fi sauƙi. Shi ya sa ba ya wadatuwa da jin "ni ba SS ba ce", sai ya ga takardar jinotaif. Mai AS dai ba marar lafiya ba ne; tun 1954 Anthony Allison ya nuna cewa wannan gado yana kare yara daga zazzaɓi mai tsanani, dalilin da ya sa ya yawaita a ƙasashen sauro.

Wani jaririn kuma lafiyarsa ƙalau sai aka sa masa kayan da aka adana da kafur, kwana biyu ya yi ɗorawa. Wannan wani rauni ne na gado da ake kira G6PD, ya fi kama maza, yana sa ƙwayoyin jini su fashe in sun haɗu da kafur ko wasu magunguna. Tambaya ɗaya game da akwatin kaya tana iya warware shi.

A ranar awo kuwa layin mata ne. Mai ciki tana ƙera jinin mutum biyu, don haka ana ba ta ayon da folik asid kullum, da Fansidar wata-wata daga wata na huɗu, a haɗiye a gaban malama. Yadda take bayanin ya burge ni. Takan faɗa tun da wuri cewa bahaya za ta yi baƙi, kada a tsorata a daina. Kada a kora ƙwayar da shayi, don yana ɗaure ƙarfen ya hana shi shiga jiki. A sha da ruwa, in da hali a bi da lemo ko gwaba. In tana tayar da zuciya, a sha bayan abinci. Ba ta aika kowa neman abincin da ba shi a kasuwar Illo ko Kaoje: hanta in an yi yanka, ƙananan kifi, wake, zogale, miyar kuka. Ga matan rugga takan ƙara da cewa nonon shanu yana gina jiki amma ƙarfensa kaɗan ne, yaron da ya wuce wata shida yana buƙatar ƙari a kansa. Ranar haihuwa kuma takan dakata minti ɗaya zuwa uku kafin ta ɗaure cibiya, jinin da ya rage a mahaifa ya gangaro wa jariri, guzurin watanninsa na farko.

Yaron Lolo ya kwana uku. A rana ta biyu ya karɓi kunu, a ta uku aka mayar da shi kan maganin zazzaɓi na haɗiya na kwana uku. Sai a lokacin ta kawo maganar ayon na ruwa, da maganin tsutsa, ta ce za a sha wata uku ko da ya murmure, don jini yana rigan ma'ajiya cika. Ta ja kunnen uwar a kan gidan sauro, ta ce watannin da ke biye da ƙarin jini su ne masu haɗari, zazzaɓi kaɗan a dawo da shi.

Bayan mako biyu suka dawo, ranar kasuwa, uwar da ƙullin busasshen kifi a hannu. Malamar ta karɓi katin, ta ce a matso da shi bakin taga. Ta ja fatar idon, wurin ya soma ja. Ta lalubi saifa, ta ja da baya zuwa ƙarƙashin haƙarƙari. Duk da haka ta aika shi ɗakin gwaji, aka sake cika bututu, injin ya yi minti biyar ɗinsa. Ta rubuta 27 a ƙarƙashin 14, ta sa ranar dawowa ta gaba, ta kira mai bi masa.